Baba Mai Cokali da Littafin da Ba Zan Bayar Ba

Na Allah ne mu, kuma ga Shi ya karɓi abinSa. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Agusta, ana tsakiyar damina, ka rasu, Baba Mai Cokali, bayan shekara talatin kana tsaron ɗakin busassun tsirrai na sashenmu a jami'a. Ina rubutun nan raina a ɓace, kuma ba mutuwarka kaɗai ta ɓata shi ba.

Kai ka nuna mini tsiron da kake kira 'yar allura, mai siraran ganye kamar sabuwar albasa, wadda ke fitowa a kududdufin kan dutse ta yi 'yan makonni, ruwa na janyewa ta ɓace. Ina ɗaliba na sa hannu na fizge ta, ka daka mini tsawa. Ka ce ganyen duk iri ɗaya ne, shaidar tana can gindi, inda ƙwayoyin iri ke ɓoye kamar gari. Sai an haƙo da cokali, an sa su a madubin ƙara girma, a ga masu santsi ne, masu ƙuraje, ko masu zanen raga. Da haka ka raba iri bakwai, na bakwai ɗin ba wanda ya taɓa rubuta shi. Inna, matarka, ta sha yi mini ƙorafin cokulanta sun ƙare.

Shugaban sashe kuwa tarin ciyawa yake kiran aikinka, don ba ka da digiri. Bara ya sa aka kwashe akwatunanka aka zube a baranda, yana son ɗakin ya zama ofis. Kana tari ka kwashe su ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya kama maka. Ni ma ina gani ta taga na yi shiru don tsoro, abin da har yau nake jin kunyarsa.

Da shugaban ya ji masana na tambayar iri na bakwai, sai ya sulale kududdufi da kansa, ya dawo da dami guda, duk a fizge, ba gindi ko ɗaya. Ambulan ɗin da kake adana tsirran a ciki kuma lamba kawai ke jikinsu, bayanin wuri da rana yana cikin littafinka. In ba littafin, ciyawar ce dai da ya faɗa.

Shi ya sa ranar sadakar uku ya zo da babbar riga, har da share ido, yana ce maka ginshiƙin sashe. Ko tabarma bai ɗumama ba ya ce, "Inna, ɗan littafin nan nasa fa? Kayan makaranta ne."

Inna ta ce, "Ranka ya daɗe, ni cokulana nake nema."

Littafin yana hannuna, Baba, tun kana asibiti ta miƙo mini. Shugaba ya aiko sau biyu, na ƙarshen har da tuna mini cewa takardar ƙarin girmana a wurin aiki na kan teburinsa. To, ya yi ta zama a kanta. Wancan karon na yi shiru, wannan ba zan yi ba, iri na bakwai da sunanka zai fita.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya ba Inna da 'ya'yanka haƙurin rashinka. Kududdufin bai kai ga bushewa ba tukuna. Gobe zan je, Inna ta ba ni cokalinta na ƙarshe.