Gurbi na Ƙarshe a Bangon Kwaleji

Ranar Laraba, sha bakwai ga watan Afrilu, da hantsi, ina gaban allo ina zana wa 'yan aji ɗaya saiwar tsiro, sai shugaban kwaleji da kansa ya leƙo ta ƙofa. Shugaba ba ya zuwa ajin sababbin ɗalibai haka siddan. Ina ganin idonsa na ajiye alli. Ya ce, "Farfesa, sai haƙuri. Malam ya cika." Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Na faɗi haka da bakina, sai ɗalibai suka jawo mini kujera na zauna.

Malam, yau ni ce shugabar sashen nazarin tsirrai, kujerar da ka zauna a kai tun ina ɗaliba, amma har gobe in na shiga ofishin sai in ji kamar aro na yi. Jaridu sun rubuta littattafanka da lambobin girman da ka samu, da ƙasashen da aka gayyace ka. Sun kyauta. Ni abin da na sani daban ne, kuma shi zan faɗa.

Mu ɗalibanka "Sake Dubawa" muke kiranka a bayan ido. Mutum ya yi mako yana fama da ganye ɗaya, ya zo da murna ya ce ya gano sunansa, sai ka ɗora tabarau a goshi, ka shinshina ganyen, ka miƙo masa, ka ce, "Sake dubawa." Ba ka cewa daidai ne, ba ka cewa kuskure ne. Kai, mun sha takaici! Ashe ka san sunan da muka laƙaba maka. Ranar da wata sabuwar ɗaliba ta yi suɓul da baka ta kira ka da shi a tsakiyar aji, kowa ya sunkuyar da kai, sai ka amsa, "Na'am," ka ci gaba da darasi.

Ina tsakiyar digirin dakta na haifi 'yata ta fari. Na zo ofishinka da niyyar ajiye karatu, don ba ni da mai reno. Ba ka yi mini wa'azi ba. Cewa ka yi, "Kawo ta nan, ke je ki duba tsirranki." Haka aka yi ta ganin babban farfesa yana kai da komo a ɗakin adana tsirrai, tsakanin manyan kabad ɗin nan masu warin maganin ƙwari, da jaririya a kafaɗa, yana karanta mata sunayen itatuwa har ta yi barci. Ranar da ta yi maka tumbuɗi a kan rigar da za ka shiga taron majalisar kwaleji da ita, na rasa inda zan sa kaina don kunya. Ka dubi rigar, ka ce, "To, ita ma ta faɗi ra'ayinta a kan babi na uku na kundinki." Yarinyar nan yanzu likita ce, kuma da ta ji rasuwarka ta yi kukan da ban taɓa jin ta yi ba.

Amma duk wanda ya san ka ya san abin da ya fi tsaya maka a rai, wato bangon babban zaure. Don wanda bai san kwalejinmu ba, a tsohon gini akwai zaure mai bangon dutse, inda ake rataye hotunan waɗanda kwalejin ke alfahari da su. Akwai likitan idon da ya ƙare rayuwarsa yana yaƙi da makanta a ƙauyuka. Akwai alƙalin da ya ajiye aiki don ya ƙi sa hannu a kan zalunci, da injiniyar da ta gina madatsar ruwan da muke sha har yau, da masana tarihi da lissafi da harsuna. Al'adar wurin tun kafuwarsa ita ce ba a rataye hoton mai rai. Cikin malaman kwaleji kuma sai wanda ya kai farfesa. Sannan ba kafinta ke buga ƙusar ba. Wanda ya yi karatu a hannun mamacin, ko ya koyi aiki a wurinsa, shi ke hawa tsani da guduma, komai tsufansa. Bangon ya kusa cika tun tuni, ba a kuma yarda a taɓa ginin ba. Gurbi ɗaya ya rage, can kusa da taga.

Duk shekara kai ke zagayawa da sababbin ɗalibai a zauren. Ba ka damu da faɗin lambobin girman kowa ba. Abin da kake faɗa shi ne wane ya koyar da wane. "Wannan ya riƙe hannun wancan, wancan ya riƙe hannun waccan." In ka iso gurbin da babu kowa, sai ka tsaya, muryarka ta yi ƙasa, ka ce, "Nan kuma wurin Malamata ne."

Malamarka dakta ce, mace ta farko da ta koyar da kimiyya a kwalejin, kuma ita ta kafa ɗakin adana tsirrai da hannunta. Da yawa daga cikin mutanen da ke jikin bangon sun bi ta ajinta. Kai kanka ka faɗi jarrabawar shekarar farko, ka ɗaure akwatinka za ka koma gida, ita ta tare ka a bakin ƙofa, ta ce ka fara raka ta jeji tsinko ganye tukuna, in kun dawo sai ka tafi. Ba ka tafi ba. Ana gab da yi mata farfesa mijinta ya samu shanyewar jiki, ta ajiye aiki ta koma jinyarsa, ba ta sake dawowa ba har ta rasu. Saboda haka doka ta hana ta bango. Mu ba mu taɓa ganinta ba, amma ka ce mana, "Kakarku ce a karatu," mu kuwa muka riƙa kiranta Kaka.

Ka yi shekaru kana kai maganarta majalisar kwaleji, ana cewa doka ce. Shugabanni suka zo suka wuce, kana nan kana tashi tsaye da sandarka. Har wasu suka fara yi maka dariya a bayan ido, wai tsufa ne. Mun gan su, Allah ma ya gan su. Sauran ɗalibanta suka yi ta rasuwa, har ya zama kai kaɗai ka rage. Kakan ce da ni, "Roƙona ɗaya, Allah Ya bar mini ƙarfin hawa tsani." A bana ne majalisa ta yarda za ta jefa ƙuri'a a kan sassauta dokar a zamanta na watan Mayu. Da na kai maka labari a asibiti, ka yi murmushi, ka ɗaga hannu sama kana gwada ko zai iya riƙe guduma. Hannun yana rawa. Na juya kai na dubi taga.

Ba ka kai Mayu ba, Malam.

Da majalisa ta zauna, bayan an yi maka addu'a, shugaba ya miƙe ya ce shi a ganinsa babu wanda ya fi ka cancantar gurbi na ƙarshe. Wallahi gaskiya ya faɗa, kuma da zuciya ɗaya ya faɗa. Zauren ya ɗauki tafi. Magatakarda ya ƙara da cewa ai maganar Dakta ta mutu da kanta, tunda babu sauran ɗalibinta da zai buga ƙusa. Kowa ya juyo yana kallona da fara'a, don an san ni ce zan hau tsani in rataye hotonka. Wannan shi ne girman da kowane ɗalibi a kwalejin nan ke mafarkinsa, ni ma na yi mafarkinsa. Sai na ji bakina yana cewa, "Ban yarda ba." Tafin ya tsaya. Wani abokin aiki da ke gefena ya raɗa mini, "Haba Farfesa, ke da ya rena wa 'ya?" Na roƙi a ɗage zaman, a bar ni in ga iyalinka.

Da la'asar na je gidanka. Mama, matarka, wadda ta ciyar da rabin ɗaliban sashenmu a teburinta, tana zaune a falo kusa da kujerarka, ba wanda ya hau kujerar. Babban ɗanka yana nan, labari ya riga ni isa wurinsa. Ko gaisuwata bai gama amsawa ba ya ce, "Anti, ke da bakinki? Baba ya ba kwalejin nan duk rayuwarsa. Mu 'ya'yansa ba mu same shi ba yadda kuka same shi. Abu ɗaya da zan nuna wa 'ya'yana in ce ga kakanku, shi za ki hana mu?" Babu ƙarya ko ɗaya a maganarsa.

Mama ta ɗago kai ta dube shi. Can ta gyara mayafinta, ta ce da shi, "Zauna." Sannan ta dube ni. "'Yata, ni ma ina so in shiga zauren nan in ga fuskar mijina. Ba zan ɓoye miki ba, ina so ƙwarai. Amma na san wanda na aura. In kuka sa shi a wurin nan, kun ɗora shi a kan abin da ya mutu yana nema wa wata. Ba zai gode muku ba. Je ki yi abin da ya bar miki." Ɗanka ya tashi ya fita.

Na koma majalisa na faɗi saƙon Mama. Ga magatakarda kuma na ce, duk abin da na sani game da ganye daga Malam na koya, shi kuma daga wurinta ya koya, to in 'ya'ya sun ƙare, jika tana nan. An yi ja-in-ja, wasu har yau ba sa yi mini magana yadda suka saba. Amma ƙuri'a ta wuce da ƙyar.

Ranar Asabar da ta gabata muka rataye hoton Malamarka. Hoton da aka samu tsoho ne, tana tsaye cikin rana da ganye a hannu, ta ɗan runtse ido. Mama ta zo, aka ba ta kujera a gaba. 'Yan uwan Malamar da suka rage sun zo, tsofaffi ƙalilan, ba su ma san akwai wanda ke tuna ta ba. Na hau tsani da guduma. Dutsen ya yi tauri, ƙusa ta farko ta lanƙwashe, aka miƙo mini wata. Ina bugawa hawaye na rufe mini ido, don hannunka ne ya kamata ya riƙe gudumar nan ba nawa ba. Da hoton ya zauna, na sauko na ja da baya, na bi bangon da kallo daga ƙofa har taga. Ya cika, Malam, kuma ba ka ciki. Ni na hana. Na san daidai na yi, amma sanin bai rage mini zafin komai ba.

Ɗanka bai zo ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Ya Allah, ga bawanka ya zo gare Ka. Ka jiƙansa, Ka gafarta masa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa ilimin da ya shuka ya riƙa isar masa da lada har ranar tsayuwa. Ka jiƙan Malamarsa, Ka haɗa su a Aljanna tare da iyayenmu da malamanmu da suka riga mu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, Allah Ya ba ta haƙuri, Ya saka mata da abin da ya fi wanda ta sadaukar. Ina yi wa 'ya'ya da jikoki da dangi ta'aziyya, da ɗalibansa na kusa da na nesa, da kwalejinmu baki ɗaya. Kai kuma ƙanena, babban ɗan Malam, na san abin da na ɗauke maka, ba kuma zan iya mayar maka da shi ba. Ka yafe mini in ka samu iko. Duk ranar da ka shirya, kawo yaran, ni zan zagaya da su zauren da kaina, in tsaya da su kusa da taga in faɗa musu abin da ya sa kakansu ba ya jikin bangon. Allah Ya jiƙan Malam, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.