Gashin Bakin Si Haddu

Akwai wata magana a bakina game da Si Haddu, wadda in ta fita, garinmu Azru kaf sai ya wuni yana dariya. Zan faɗa muku, ai ba a haife ni da murfi ba. Amma ku bari shayin ya ɗan huce, don wanda bai san farkon mutumin ba, ba zai ji daɗin ƙarshensa ba.

Si Haddu dai tsohon kwandastan bas ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa tsakanin Azru da Meknes yana tura fasinja ciki kamar ana cusa ulu a buhu. Abu biyu yake taƙama da su a duniya: gashin bakinsa da takalminsa. Gashin bakin nan shi ke fara shiga ɗaki ya yi sallama, sannan mai shi ya biyo baya. Takalmin kuwa baƙin sau-ciki ne mai tsinin baki, yana shan mai fiye da yadda maraya ke shan miya, har mata kan gyara ɗankwali a cikin ƙyallinsa. Ga safa kullum, rani da sanyi. Alwala a gida yake yi, ƙofa a rufe. Tun zamanin da ake sayen rago da kuɗin ƙwan yau, babu wanda ya ga yatsan ƙafarsa.

Sirrin? Yana nan tafe, ba gudu zai yi ba.

Ba a gari aka haife shi ba. Can saman dutse ne, bayan dajin manyan itatuwan al'ul, a wani ƙauye da har gobe mota ba ta san hanyarsa ba. Yana yaro yana bin awaki ƙafa ba takalmi, kuma ƙafar nan ta san dutsen fiye da idonsa. Ta san inda ƙasa ke sanyi kafin a kai idon ruwa, ta san dutsen da zai juya da wanda zai tsaya, ta san laushin busasshen ganye a ƙarƙashin manyan itatuwa. Da yamma uwarsa, Lalla Tuda, takan ɗora ƙafafun a cinyarta ta shafa musu lalle, don tafin ya yi ƙarfi, faso ya rufe. Tana shafawa tana yi masa faɗan akuyar da ya bari ta ci gonar mutane, shi kuwa barci na ɗaukarsa ga ƙamshin lalle da hayaƙin murhu.

Wata shekara aka yi tseren 'yan makaranta a gari, malaminsu ya sauko da shi. 'Ya'yan gari duk da fararen takalma, shi da ƙafar da Allah ya ba shi. Ya wuce su kamar suna tsaye. Wasu sun ce har ya tsaya ya sha ruwa ya gaisa da wani kawunsa, duk da haka shi ya zo na ɗaya. Sai gajiya ta sa ya zauna ya miƙe ƙafa, tafin nan jawur ya fuskanci jama'a. Wani yaro mai ɗan banzan baki, Assu ɗan wanzami, ya leƙa ya ce amarya ce ta ci tsere. Filin ya ɗauka. Da sunan Amarya ya karɓi kyautarsa, da shi ya hau dutse.

A yammacin ranar, da Lalla Tuda ta kawo kwanon lalle, ya janye ƙafarsa daga hannunta. Ba ta yi faɗa ba. Ta rufe kwanon ta ce masa ba komai, ƙafa ta fi mai ita tuna hanya.

Ikon Allah, shi da Assun nan suka girma suka zama aminai, irin amintar da kullum sai an zagi juna kafin a gaisa. Ranar da ya karɓi albashin farko ya sayi sau-ciki, ya shiga shagon askin Assu ya ɗora ƙafa a kan benci, ya kama gashin bakinsa da bai fi na ɓera ba a lokacin, ya yi rantsuwa a gaban mutane: duk ranar da aka sake ganinsa a gari ba cikin takalmin fata ba, Assu ya aske shi tas. Tun daga ranar Assu ya ware aska guda ya rataye a jikin madubi. Kullum Si Haddu ya zo gyaran fuska sai Assu ya nuna masa ita ya ce amaryarsa na gaishe shi.

To, tsufa ba ya jin rantsuwa. Yatsun nan da aka kulle shekara da shekaru suka hau kan juna kamar fasinjojin motarsa ranar kasuwa. Gwiwa ta fara ƙara, in ya tashi daga sujada sai na kusa da shi ya waiga ya ga wa ya buɗe ƙofa. Abin da ya fi cin ransa kuwa, kabarin Lalla Tuda yana can sama. Duk bazara sai ya ce bana zai hau, ya goge takalmi ya kama hanya, ya kai idon ruwan farko ya zauna, ya juyo yana ɗingishi. An ce masa ya hau alfadari, ya ce matar da ta goya shi ta hau dutsen nan ba zai je mata a kan dabba ba.

Ana nan sai 'yarsa Itto ta zo hutu daga Faransa da tsaraba: takalmi siriri kamar ɓawon albasa, ba dunduniya, gabansa faffaɗa kamar ƙafar agwagwa, ana iya naɗe shi a sa a aljihu. Ta ce, Baba, wannan shi masu gudu ke yayi yanzu, mutum ya ji kamar ba komai a ƙafarsa, amma a hankali ake sabawa, kaɗan-kaɗan. Ya juya shi, ya lanƙwasa, ya ji kuɗinsa, sai ya ce:

"Wato Turawa sun gano talauci, sun sa masa farashi."

Ya jefa shi ƙarƙashin gado. A gaban mutane ke nan.

Itto na komawa, sai aka fara ganin Si Haddu bayan sallar asuba yana nufar daji, hular da ke ɗinke a wuyan jallabarsa ta yi wani ƙullutu a baya, inda ya cusa tsarabar Itto. A bakin daji yake zama ya sauya, ya ɓoye sau-cikin a kogon itace. Ranar farko, da tafinsa ya ji ƙasa, ya ji tsakuwa ɗaya-ɗaya tana gaishe shi, sai tsohon ya manta da kaɗan-kaɗan ɗin Itto, ya tattare jallaba ya zuba da gudu. Birai sun gani, kuma na tabbata har yau suna ba jikokinsu labari. Washegari sha-raɓarsa ta ƙulle kamar an ɗaure da igiya. Ya kwanta ya ce mura ce. Mura ce ta farko a tarihin Azru da ta sa mutum sauko da matakala da baya-baya.

Da ya warke ya koma, a hankali wannan karon. Yau zuwa idon ruwa, jibi gaba kaɗan. Ya daina dukan ƙasa da diddige, ya koma taka ta kamar yadda yake yi a bayan awaki. Tafin ne kawai ya zama na ɗan gari, ƙaramin dutse sai ya sa shi salati.

Ga sirrin, tunda kun yi haƙuri. Ya ratsa kasuwa har can ƙarshe, wurin mai kayan ƙamshin da ba ya hulɗa da shi, ya sayi lalle. Wai na Itto ne. Itto da ke Faransa! Si Haddu mai gashin baki, wanda ya yi shekaru yana tsawata wa ƙartin fasinja, a ƙarƙashin safarsa ƙunshi ne jawur.

Da zai iya ɓoyewa har kabari, sai dai ƙafar ta tona shi. Yatsun da suka sami sarari suka sauka daga kan juna, kowa ya kama kujerarsa. Ƙafa ta buɗe. Ran nan ya sauko daga dutse ya ciro sau-ciki a kogon itace, ya tura, ya danna, ya yi addu'a, takalmi ya ce bai san shi ba.

Da azahar ne, lokacin da gari ke rufe shaguna a tafi cin kuskus, ya bi ta lungu ya shiga wurin Assu da takalmin agwagwa a ƙafa, sau-ciki a hammata. Rumfar burodina bango ɗaya ce da shagon, akwai kuma 'yar taga a sama. Ni ba leƙe na hau yi ba, ƙura na ga ta taru a wurin.

Si Haddu ya zauna a kujera ya tuɓe takalmin, ya tuɓe safa, ya ɗora ƙafa a kan bencin nan na da. Assu ya dubi jan tafin. Na jira ya kwashe da dariya, bai yi ba. Si Haddu ya ce masa yau ya kai ga kabarin Lalla Tuda. Ya ce itacen ɓauren gidansu yana nan, murhun ya rushe, kabarin ciyawa ta rufe shi, da hannu ya cire. Ya ce ya zauna ya miƙe ƙafafun wajen kanta ya daɗe.

"Sauko da askarka," in ji Si Haddu.

Assu ya yi ta goge hannu a tawul. Ya ce idonsa ya yi rauni bana, shi bai ga komai ba, kuma shaidun rantsuwar duk sun mutu.

"Ni ban mutu ba. Aske, ɗan wanzami, kafin na tuna ina son abina."

"Amarya dai ba ta canja hali ba," in ji Assu. Ya sauko da askar ya wasa, ya kaɗa kumfa. Ɓangaren dama ya fara faɗowa a kan tawul kamar an yi wa tunkiya sausaya. Na ƙara miƙa wuya don in ga leɓen da rana ba ta taɓa gani ba, sai akwatin da na taka ya yi ƙara.

Si Haddu bai ko juyo ba. Ta cikin madubi ya kama idona, rabin baki fari fat, rabi daji.

"Mahjuba, kunnenki ya tare mana haske. Sauko ki zagayo ki riƙe kwanon kumfa. In kuma za ki kai wa gari, ki kai daidai: ki ce da ƙafata na je."