Dokta Mahbuba Rara, Mai Binciken Tsutsar da ke Kashe 'Ya'yan Sauro

Haihuwa da karatu

An haifi Mahbuba a shekarar 1967 a Rara, cikin ƙasar Rabah. Mahaifinta Malam Bilyaminu manomin gero ne, sunan mahaifiyarta Kulu. Ta yi firamare a Rabah da sakandare a Sakkwato, inda ta zarce jami'a ta karanci ilimin ƙwari, ta kammala a 1991.

Aure da aiki

A 1992 ta auri Malam Jelani, malamin makaranta a Wurno, ta tare can. Noman rani ya yawaita sauro a fadamun yankin, masassara tana ɗibar yara, don haka hukumar lafiya ta ɗauke ta aiki, aka ɗora mata binciken kududdufai tun daga Sisawa har Goronyo.

A 1999, a wani tafki kusa da Kagara, ta lura 'ya'yan sauro suna mutuwa kafin su yi fiffike. Bincike ya nuna mata cewa wata ƙanƙanuwar tsutsa mai faɗi kamar ganye ce ke fitowa daga jikin katantanwar ruwa, ta huda 'ya'yan sauron, ta zauna a cikinsu har su halaka. Da wannan aiki ta sami digirin dokta a 2005.

Janyewa

A 2008 wata ƙungiya ta amince ta ɗauki nauyin kiwon katantanwar da watsa ta a tafkuna, domin a rage feshin magani. Ana gab da farawa Mahbuba ta gano cewa wannan katantanwa ita ce kuma ke ɗauke da tsutsar da ke lalata hantar shanu da tumaki. Abokan aikinta suka ba da shawarar a ci gaba, tunda ran yara ya fi na dabba. A zaman ƙarshe ta ce musu, "In shanu sunka mutu, mi yaran za su sha? Ni ba ni sa hannu." Ƙungiyar ta janye, wasu abokan suka daina gaishe ta.

Ƙarshen rayuwa

Ta yi ritaya a 2019, ta ci gaba da kiwon katantanwa iri-iri a gida, tana neman wadda ba ta cutar da dabba. Ba ta same ta ba. Allah ya yi mata rasuwa a Wurno ranar Laraba, cikin watan Sha'aban na 2023, aka yi mata sutura bayan la'asar. Ta bar mijinta da 'ya'ya uku: Mu'azu, Raihana da Bashar. Ta kuma bar kwatarni tara cike da katantanwa, da wasiyyar a shanya su a rana, kada ko ɗaya ta kai tafki. An cika wasiyyar ranar sadakar uku.