Gyaran kyamarar da na warware da hannuna

Shekarun baya, lokacin ina koyon gyaran kwamfuta a wata cibiya da ke Yelwa, na yi wani gyara da har gobe ake tsokanata da shi a gidanmu. Jarrabawar samun shaidar ƙwarewa ta matso, rabinta kuma aikin hannu ne: a ajiye maka na'ura mai matsala, ka gano, ka gyara, ka yi bayani. A lokacin duk abin da ke da maɓalli a gidanmu na Ƙofar Ran ya shiga uku da ni. Rediyon maƙwabta ma ban ƙyale shi ba.

Akwai laftof ɗin da babban yayanmu, wanda muke kira Hamma, ya bari da zai tafi dogon karatu Malesiya. Ya bar shi ne don a riƙa ganin juna, saboda idon mahaifiyata ya yi rauni, fuskar waya ta yi mata ƙanƙanta. Duk Asabar da hantsi yakan kira, ni kuma in ɗora laftof ɗin a kan ƙaramin tebur a falon Inna.

To, Hamma shi ne ɗan fari, mu kuwa asalinmu Fulani ne. A gari aka haife mu, amma Inna ta riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta zaman hira inda yake. In magana ta kama sai ta ce "wancan". Saboda haka in ya kira, tana tsakar gida tana tsintar wake, sai dai ta jefo magana ta ƙofa: "Ka ce masa ya riƙa cin abinci." Shi ma ya ce, "Ka ce mata ina ci." Ni ne tafinta tsakanin mutum biyu da ke jin juna sarai.

Ana nan sai kyamarar laftof ɗin ta mutu. Mu muna ganin Hamma tar, shi kuwa baƙi kawai yake gani. A 'yan makonnin nan ne Inna ta fara shigowa falo in ya kira. Ta shimfiɗa dardumarta gaban tebur, ta zauna, carbi a hannu, ba ta tashi sai an gama. Ni da kaifin basirata sai na ce zafin rana ne ya koro ta daga tsakar gida.

Da malaminmu ya zo kan darasin kyamara, wallahi ji na yi kamar an yi min kyauta. Ga laftof mara lafiya a gida, kyauta, ba mai tsaya min a kai. Ran nan ina dawowa na baje kayan aiki a tabarma.

Inna ta leƙo ta ce, "Auta, me kuma za ka yi wa kayan mutane?"

Na ce, "Kyamarar zan gyara, Inna."

Ta ce, "Ka bar shi mana. Ba ana jin magana ba?"

Na ce, "Ai ji daban, gani daban. Ki bar ni da shi, aikina ne."

Ta ɗan tsaya kamar za ta ƙara wani abu, sai ta saki labule ta tafi.

Na bi abin daki-daki yadda aka koya mana, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Na goge gilashin kyamarar, na duba ko akwai ɗan murfin da ake turawa ya rufe ta, babu. Na danna maɓallin da ke kunna ta da kashe ta, shiru. Na shiga jerin kayan da kwamfutar ke gani a jikinta, kyamara ba ta ciki kwata-kwata. Na sake saka manhajarta, na leƙa saitin can ƙasa ko an kulle ta, lafiya lau. Na tayar da laftof ɗin da wata manhaja daban daga filash, nan ma ba ta gan ta ba. Malaminmu ya ce in ka kai nan, ka daina zargin manhaja, ciwon a jiki yake.

Sai na lura da wani abu. In na tura murfin laftof ɗin baya a hankali, akwai inda kwamfutar kan yi ɗan ƙara kamar an jona mata wani abu, sannan ta sake saki. Nan na gane waya ce. Na cire batir, na bi gefen allon da ɗan roba ina ɓalle firam ɗin da ya kewaye shi, gabana na faɗuwa kada ya tsage. Ga siririyar wayar kyamarar, wadda ke bi ta maƙalar murfi, buɗewa da rufewa sun ja ta har bakinta ya zame daga mazauninsa. Na mayar da ita, na danne da salatif, na rufe. Ina kunnawa 'yar fitilar kyamarar ta kawo, sai ga ƙaton hancina ya cika allo. Ban taɓa murnar ganin hancin nan kamar ranar ba.

Ban gaya wa kowa ba, wai ni zan ba su mamaki. Asabar ta zo, Inna ta zauna a dardumarta, Hamma ya kira. Yana bayyana sai ya matso da fuskarsa, ya ce, "Inna?"

Ita kuwa ta hango kanta a ɗan akwatin da ke kusurwar allo. Ta ja mayafi, ta miƙe, ta ce ta bar tukunya a wuta. Ranar ko ashana ba a ƙyasta ba tukuna.

Asabar ta gaba tana tsakar gida da farantin wakenta. Ta bayanta ma haka. Saƙon nata ma ya ragu, daga "ka gaishe shi" sai shiru. Ni ina ta jiran yabo, har na fara jin haushi.

Yayata mace, Adda, ita ta buɗe min ido. Ta zo daga Gwallameji a keke, ta tarar ana wayar, ta dubi Inna a waje, ta dube ni. Da aka gama ta ja ni zaure.

Ta ce, "Kai ne ka gyara abin nan?"

Na ce, "Ni ne mana," ina gyara wuyan riga.

Ta ce, "Sannu injiniya. Kai kam kanka sai a hankali. Tun da aka haifi Hamma, ka taɓa ganin Inna ta zauna ta kalle shi son ranta? Da abin nan ya mutu ne ta samu. Tana kallon ɗanta, shi ba ya ganin tana kallonsa. Ka zo da sukundireba ka ƙwace mata."

Duk binciken da na yi, ban taɓa juyawa na dubi fuskar Inna ba lokacin da take zaune gaban tebur ɗin.

Amma abin bai zo min da sauƙi ba, don shi ma Hamma yana da hakki. Mutum yana wata uwa duniya, shekaru bai ga mahaifiyarsa ba. Sai na kira shi ta wayata na zayyana masa komai.

Da na gama ya ce, "Na gan ta ranar. Ta tsufa, Auta." Sannan ya ƙara da cewa, "Da allon yana baƙi, ina jin ƙarar carbinta kusa da ni, na san tana nan. Yanzu kai da bango kawai nake gani. Ka mayar da shi yadda yake. Kuma kada ta san mun yi wannan maganar."

In na rufe kyamarar da salatif, Inna za ta gane an gano ta, kunyar ta fi ta da. Saboda haka na sake ɓalle firam ɗin, na zare wayar da na sha wahalar mayarwa, na naɗe bakinta, na rufe. Na same ta na ce, "Inna, kyamarar nan fa ta sake mutuwa."

Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Dama na faɗa. Gyaranka ba ya kwana."

Asabar tana zuwa ta shigo da dardumarta.

Jarrabawa dai na ci, alhamdu lillahi, kuma ko tambaya ɗaya ba a yi min kan kyamara ba, wata kwamfuta aka ba ni da ba ta kawo wuta. Amma a gida sunana ya riga ya ɓaci. Ko fanka ce ta tsaya, Inna cewa take a kira wani, Auta gyaransa ba ya kwana. Na haɗiye, na ci gaba da haɗiyewa.

Yanzu ina da shagona, kuma kafin in kwance na'urar mutum nakan tambaye shi yadda yake amfani da ita da abin da yake so ta yi masa, in kuma saurara da kyau. A falon Inna na koyi wannan. In na tuna, tausayinsu su biyun ne ke kama ni, har yau.

Ranar da Hamma ya dawo gida gaba ɗaya, ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa a taƙaice tana kallon gefe kamar baƙo ne ya shigo. Bayan ya fita gaisawa da mutane sai ta kira ni, ta rage murya.

Ta ce, "Tabon nan na goshinsa sabo ne. Asabar ɗin da ta wuce babu shi. Je ka tambaye shi me ya same shi."