Frau Pietsch, Mai Tashin Masu Barci a Layin Zobe

Kowace safiya Waltraud Pietsch takan ajiye kofinta a tagar rumfarta a tashar Ostkreuz, ta fito tana leƙa tagogin jiragen ƙasa na layin Zobe. Aikinta sallamar jirgi. Tashin masu barci kuwa ita ta ɗora wa kanta. Layin zagaya Berlin yake yi ya dawo, ba shi da tashar ƙarshe inda za a ce kowa ya sauka. Mu kuma a garin nan ba ma taɓa mai barci. Ladabi muke kiran wannan.

Ita takan taɓa, ta sha zagi, gobe ta sake.

Wata Talata ta hangi wani dattijo mai koriyar hula, kansa jingine da gilashi. Jirgin ya zagayo, ga shi nan dai, hular ta rufe masa ido ɗaya bai gyara ba. Ta hana jirgin tashi, ta shiga ta taɓa shi. Masu saurin canza jirgi suka hau ƙorafi. Direban, Detlef, ya leƙo.

"Waltraud, miji kike nema a ciki?"

"In na samu biyu zan ba matarka ɗaya, ta huta."

Ba barci dattijon yake yi ba. Egon Radtke ne, mai gyaran kekuna, shanyewar ɓarin jiki ta same shi a kan kujera. Yana ji, yana gani, baki ya ƙi motsi. Ma'aikatan motar asibiti sun ce da ya ƙara zagaye, gawa za a sauke.

Abin da ya faɗa bayan bakinsa ya buɗe ya fi tayar da hankali. Ya ce mutane sun yi ta zama kusa da shi suna tashi. Jakarsa ta faɗi, wata mata ta ɗauka ta ɗora masa a cinya, a hankali, don kada ta tashe shi.

Makon jiya Frau Pietsch ta yi ritaya. Herr Radtke ya zo tashar yi mata ban kwana, yana dogara sanda. Ta dube shi ta ce, "Yau dai da ƙafarka ka sauko."

Ke ce mara kunyar da ta fi mu ladabi, Frau Pietsch. Mun gode. Rumfarki yanzu babu kowa, jirgin kuma yana nan yana zagayawa. Wanda ya ga mai barci, ya taɓa kafaɗarsa. In ya zage ka, da ransa.