Ranar da Mamudu Ya Yanka wa Zongo Tikitin Yamai

Ku da kuka san Mamudu, kun san ba ya cin abu sai ya gwada. Ko benga, dafaffen waken nan, ya je saye wurin Tanti Awa, sai ya ɗauki ƙwayar wake ya tauna, ya dubi sama, sannan ya ce, "To, zuba." Wata rana ta gaji ta ce, "Kai Mamudu, tun kana yawo ba wando kake cin waken nan!" Ya ce, "Tanti, na jiya na ci. Na yau ban san shi ba."

Haka yake a wurin aiki. Ni da shi muka buɗe ɗan biro, wato ofis, a unguwar Kuluba, muna gina wa mutane shafukan intanet. Ni ke rubuta shafin, shi ke shirya sarbar, wato injin da shafin ke zaune a kai. Amma ba abin da ke hawa sarbar ta gaske sai ya bi ta wata tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, da ke ƙarƙashin teburinsa. Ya saita ta daidai da ta gasken, layi bisa layi, don duk ɓarnar da za a yi a yi ta a can. Sunanta Akuya.

Na ce, "Don me Akuya?"

Ya ce, "Komai aka zuba mata ci take. In ba ta mutu ba, sai a ba mutane."

Da fankar cikinta ta lalace, na ce mu sayi sabuwar ordinatar. Wa ya ga Mamudu da saye! Sai ya juya mata tasa fankar, shi ya zauna cikin zafin bazara gumi na ɗiga daga gemunsa. Na ce, "Za ka narke fa." Ya ce, "Ni in na ji zafi zan sha zom-kom. Ita fa, me za ta sha?"

Akwai wani Alhaji mutumin Nijar mai motocin fasinja, muka yi masa shafin sayar da tikiti. Ya zo da gaggawa ya ce a buɗe masa a ranar.

Mamudu ya ce, "Ba a gama gwaji ba."

"Gwajin me kuma, Malam?"

"Alhaji, kana ɗora mutane a mota ba ka taka birki ka ji ba?"

Alhaji ya sosa ƙeya ya ce, "To... wani lokaci."

Mamudu ya juyo gare ni: "Isufu, ka shaida. Ko gawata kada a sa a motar bawan Allahn nan."

Gwajin tikiti sai da fasinjojin ƙarya. Kowa a sana'armu sunan banza yake zubawa, ya wuce. Shi Mamudu sai ya cika Akuya da mutanen tsohon layinmu na Zongo, da lambobin wayarsu na gaske. Kun san tun da aka rushe wancan gefen unguwar kowa ya kama gabansa, wasu bayan gari, wasu Gana, wasu lahira. Shi ya kama ɗaki a unguwar Kamsogin, shi kaɗai, bai yi aure ba. Sai in ji shi yana aiki yana magana: "Hajiya Mariyama, kujerar gaba, saboda gwiwa. Malam Sani tela, kai can baya, surutu gare ka."

To, a cikin saitin akwai layi ɗaya da ke hana saƙo fita waje lokacin gwaji. Wata safiya layin nan ya sauya. Akuya ta aika wa Zongo kaf: "Tikitinka na Yamai ya tabbata. Mota za ta tashi gobe."

Wayyo! Lambar Mamudu ce a ƙasan saƙon. Wayar da ke yini ba ta yi ƙara ba ta kama kuka. Malam Sani ya kira yana ihu: "Uban wa na ajiye a Yamai?" Kafin azahar sai ga Hajiya Mariyama a bayan moto, wato babur, da jakarta da butarta, ta ce tunda an biya ita za ta je. La'asar na yi biro ya cika. Aka zage shi tas, aka yi dariya, wani ya kawo gawayi aka ɗora shayi. Mamudu na tsaye a ƙofa yana ba kowa haƙuri, bakinsa ya ƙi rufuwa.

Da aka watse na same shi yana kallon lambobin da ba su kira ba. Suna da yawa.

Na ce, "Mamudu, kai da mantuwa? Kai?"

Ya ce, "Kuskure ne." Can ya ce, "Ka ga yadda Hajiya ta tsufa?"

Ban sake tambayarsa ba.

Ciwonsa bai daɗe ba, kuma bai gaya wa kowa ba. Mai gidan da yake haya ne ya kira ni ya ce ya rasu. Yau ga mu mun cika tsakar gidan nan har tabarma ta kasa, wasu tun ranar tikitin ban sake ganinku ba.

Allah ya jiƙan Mamudu, ya yafe masa kurakuransa, har da wanda ya yi da gangan. Allah ya haskaka kabarinsa, ya saukar da shi cikin maƙwabta na gari, a unguwar da ba mai tashin kowa. Amin.