Kwalba Mai Maganin Komai

Da na haifi ɗana na fari a Landan, Umma ce ta taso daga Kano don ta yi mini zaman jego. Ban da aikin hajji ba ta taɓa barin ƙasa ba, amma da aka ce mata jika ne, ko ɗar ba ta yi ba. Ta sauka da akwati biyu, ƙaramin na tufafinta, babban kuwa na abin da ta kira kayan aiki. A unguwar Plumstead muke zaune lokacin, a saman wani tsohon gida, da ɗan kicin ɗin da in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya yi gefe.

Ni harhaɗa magunguna na karanta, a kemis nake aiki, kuma a shekarun nan ina ji da karatuna fiye da kima. Washegarin saukarta na sa maigidana ya ɗora babban akwatin a kan tebur, na shiga bincike kamar 'yar kwastan. Ga kanwa, ga yajin jego, ga busasshen ganyen darbejiya, ga zuma, ga wasu saiwoyi da har yau ban san sunansu ba. Ina warewa ina bayani. Kanwa tana wahalar da zuciyar mai jego. Zuma ba a ba yaro sai ya shekara. Wankan tafasasshen ruwa ba zai yiwu ba, tunda tiyata aka yi mini. Gaskiya na faɗa a kan kowanne, kuma har gobe ban janye ba, sai dai na faɗe ta ne kamar ina sallamar baƙuwar da ta shigo kemis da takardar likita. Umma ta saurara har na kai aya, ta ce, "To, likita." Ta mayar da kayanta ta ja zif.

Abin da na bar mata shi ne rainon yaron, kuma ta riƙe shi hannu bibbiyu. Angona take ce masa, irin wasan kaka da jika. "Wannan angon nawa ko gaisuwa bai iya ba, sai dai ya yi wa mutane tsawa," haka take faɗa tana jijjiga shi. Tsawar kuwa ya iya ta. Da ya shiga mako na uku, la'asar na yi sai ya tanƙwashe ƙafafu, cikinsa ya yi tauri, ya dinga tsala kuka har fuskarsa ta yi ja. Na san ciwon cikin jarirai ne, yana wucewa da kansa. Mata da yawa na faɗa wa haka a wurin aiki ina murmushi. Da ya zo kan nawa ɗan, sai na ji sanin bai tsinana mini komai ba.

Wata ranar Litinin na fito daga wanka na tarar da Umma a bakin gado, yaron na kan cinyarta yana kuka. Kusa da ita ga wata 'yar kwalba ba takarda ba rubutu, a hannunta kuma ga ƙaramin cokali cike. Ban tambaya ba. Na doke hannunta, cokalin ya faɗi, na ce, "Umma, kashe shi za ki yi?" Maigidana na tsaye a bakin ƙofa, dawowarsa ke nan daga aiki, ko takalmi bai cire ba.

Sai ƙanshin man kaɗanya ya tashi daga kan kafet. Sannan na lura da kofin ruwan zafi a ƙasa. Ashe man take narkarwa a cokali a kan tururin, kamar yadda take yi tun muna yara, don kada ta shafa wa jariri abu mai sanyi. "A ciki zan shafa masa," ta ce a hankali. Ta miƙo mini yaron, ta tashi ta ɗauko tsumma ta goge kafet ɗin. Na ga kuskurena ƙarara, amma girman kai ya riƙe mini harshe. Abin da ya fito daga bakina kawai shi ne, "Ai da kin faɗa mini."

Daga ranar ba ta ƙara ɗaukarsa ba sai in an miƙa mata, kuma da ya motsa sai ta mayar. Ta daina ce masa ango. Tana girki, tana shara, tana sallarta, tana amsa gaisuwata ba yabo ba fallasa. Ranar Laraba maigidana ya same ni a kicin ya ja ƙofa. "Umma ta ce in yi mata change ɗin flight," ya ce. "Wai ta ga mun iya abinmu, gida za ta koma. Akwai seat ranar Asabar. In yi booking?" Na ce ya yi mata abin da take so. Ya dube ni ya ce zai dai jira zuwa Juma'a. Na shiga banɗaki na buɗe famfo na yi kuka. Ba na so ta tafi. Na san in ta tafi a haka, za mu ci gaba da gaisawa a waya har ƙarshen rayuwa, amma ba za ta ƙara sakin jiki da ni ko da ɗana ba.

A ƙasan gidanmu akwai wata tsohuwa Baturiya, mijinta ya rasu, ita kaɗai take zaune. Shekara biyu muna maƙwabtaka ban wuce ɗaga mata hannu ba, amma Umma cikin mako uku ta mai da ita ƙawa. Sukan tsaya a bakin ƙofa, wannan na zuba Hausa, waccan na zuba Turanci, kowace na gyaɗa kai. Har ƙosai Umma ta taɓa kai mata. Ranar Alhamis da hantsi tsohuwar ta gayyace mu shan shayi don ta ga jariri, na bi su a matsayin tafinta, yaron na kafaɗata.

Tagogin falonta cike suke da tsofaffin kwalabe, koraye da shuɗaye da masu ruwan ƙasa. Umma ta ce in tambaye ta na mene ne. Tsohuwar ta ce marigayi mijinta ne yake tono su a tsofaffin jujin bakin kogi, wajen Thamesmead, kuma kwalaben magani ne na zamanin sarauniyar da ke mulkin Ingila tun kafin Turawa su shiga Kano. Ta dinga sauko da su ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina fassara. Wannan ta tari ce da asma da ciwon ƙirji da sanyin ƙashi. Wannan ta hanta ce da ciwon kai da kasala da ciwon mata, har da ɓacin rai.

Umma ta tuntsire da dariya, karon farko tun ranar Litinin. "Ashe su ma sun yi!" ta ce. "Wannan ai mai lasifikar tasha ne sak. Basir, shawara, ciwon baya, sanyi, duk a kwalba ɗaya." Ta dube ni ta gefen ido. "Kakannin malamanki ke nan, likita." Na ji daɗin tsokanar har cikin raina, na kuma samu abin da na fi iyawa, na shiga bayani. Na ce a wancan zamani ba a tilasta wa mai magani ya faɗi abin da ya zuba a ciki ba, wani giya ce da sukari, wani abin sa zawo ne kawai. Talaka ba ya iya zuwa wurin likita, sai ya sayi abin da aka yi masa alkawari.

Can tsohuwar ta ɗauko wata 'yar mitsitsiya, tsawonta bai wuce yatsa ba. Ta ce wannan ta jarirai ce, masu kukan ciki da masu haƙori. Maganin zaƙi gare shi, a kanti ake sayarwa, uwa ta ba yaro ya yi barci ta samu ta yi aikinta. Abin da iyayen ba su sani ba, akwai ofiyom a ciki, ƙwayar maye mai danne numfashi. Ta ce kakarta ta ba ta labarin wata ƙanwar ita kakar da aka ba irinsa, ta yi barci, ba ta farka ba.

Na fassara duka ba tare da na kalli Umma ba. Da na ɗago sai na ga ta karɓi kwalbar tana juya ta a tafin hannu, dariyar ta ɗauke. Ta ce, "Tambaye ta, an ga laifin uwar?" Na tambaya. Tsohuwar ta ce ba wanda ya ga laifinta, ita ce dai ba ta ƙara ambatar yarinyar ba har ta mutu. Umma ta gyaɗa kai, ta mayar da kwalbar kan taga da hannu biyu. Ba ta ƙarasa shayinta ba.

Da muka hau sama ta zauna a kujerar kicin, ko mayafi ba ta cire ba. Ta ce, "Kin san kina da yaya da ya koma." Na sani, amma iyakar sanina ke nan: an haifi namiji kafin ni, bai yi kwana arba'in ba. A gidanmu ba a zancensa. Uwa ko ɗan farinta na raye ba ta cika ambatarsa ba, balle wanda ya koma, don haka ban taɓa kawo komai a raina ba.

"Irin kukan wannan yake yi," ta ce, idonta na kan tebur. "Babanku ya yi tafiya. Wani mai magani ya tsaya a ƙofar gida da kwalabensa, ya ce yana maganin kukan yara da kumburi da zazzaɓi. Na aika aka karɓo. Na ba shi cokali ɗaya, ya yi shiru, na ji daɗi ƙwarai. Washegari na ƙara masa." Ta gyara bakin mayafinta. "Kwanansa ne ya ƙare, na sani. Amma hannuna ne ya riƙe cokalin. Ku biyar na raina bayansa, ban taɓa ɗura wa jariri komai ba sai nono. Ki tambayi gwaggonki, har faɗa muka yi a kan haka lokacin da kike jaririya."

Maganar da na jefa mata ranar Litinin ta dawo mini, kalma-kalma. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba. Na durƙusa a gabanta da yaron a kafaɗa, na ce, "Umma, ki yafe mini. Don Allah ki yafe mini."

"Tashi, kada ɗinkin ya buɗe," ta ce. "Ai ba ki sani ba."

"Kada ki tafi, Umma. Ban iya ba. Wallahi ban iya ba."

Yaron ya fara mutsu-mutsu yana shirin kuka, ina ƙoƙarin miƙewa da shi sai na ga ta miƙo hannuwa da kanta. Ta karɓe shi, ta ɗan ɗaga shi sama ta sauke tana auna shi, ta daɗe tana kallon fuskarsa.

"Ya yi nauyi," ta ce. "Wancan bai kai haka ba."

Ta kwantar da shi a ƙirjinta, ta rufe masa baya da gefen mayafinta, sannan ta ce in faɗa wa maigidana ya bar tikitin nan yadda yake.